Karas, Kanwa da Ƙusar Mai Walda

Ba karas na yi niyyar yi ba tun farko. Da maganar tumatir na shiga ofishin malamin da aka haɗa ni da shi don duba kundina na kammala digiri, kuma ina da dalili. Yayana fataucin kayan gwari yake yi: ya saro tumatir a Ɗanja, a jera kwanduna a babbar mota, a ɗauki hanyar Legas. Tun ina sakandare nake jin wayar da yake yi da Baba idan kaya sun isa kasuwar Mile 12, har na haddace yadda muryarsa ke sauka idan na ƙasan kwando ya zama miya kafin a sauke. Abin da nake son sani shi ne me ke sa tumatir laushi, kuma ko da dabarar da za a taka wa abin birki.

Malam ya karanta shafi biyun da na rubuta, ya cire tabarau. "Tambayarki ta yi, amma tumatir zai wahalar da ke. Ki ɗebo ashirin a kwando ɗaya, ba za ki sami biyu da nunarsu ta zo daidai ba. Ciki ruwa da 'ya'ya, waje fata mai santsi. Ina za ki auna?" Ya ce in koma kan karas. Namansa kusan iri ɗaya ne, lokacin sanyi ne ga shi nan kamar banza a wurin 'yan gwari, kuma abin da ke riƙe da jikinsa shi ne dai ke riƙe da na tumatir. Na ce, "To, ranka ya daɗe," na fito raina bai so ba. Shekara huɗu a jami'a, a ce da dafa karas zan ƙare?

Sunan abin fektin, kuma mako biyu na yi ina karatu a kansa kafin in taɓa wuƙa. Duk jikin tsiro 'yan ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, waɗanda muke kira sel. Sunan ma daga ɗaki ya samo asali, tun 1665 da Robert Hooke na Ingila ya leƙa ɓawon wata bishiya a madubin ƙara girma ya ga ramuka a jere. Kowane ɗaki da bangonsa. A cikin bangon akwai zaruruwan selulos masu wuyar tsinkewa, akwai hemiselulos, sai fektin da ya cike duk gurbin da ke tsakaninsu, yana riƙe da ruwa kamar jiƙaƙƙen ƙaro. Tsakanin bangon wannan ɗaki da na maƙwabcinsa kuma akwai wata siririyar shimfiɗa wadda kusan duk fektin ce, ita ta manne su. Abin bai zauna mini sosai ba sai ranar da na ratsa ta wani lungu a bayan Gobarau na tarar ana gyaran katangar ƙasa da damina ta kayar. Tubalan da magina ke cirowa daga ɓaraguzan lafiyarsu ƙalau, har mayar da su suke yi. Kwaɓin da ke tsakaninsu ne ruwa ya wanke, bango ya zube. Na tsaya ina kallo har wani yaro ya tambaye ni ko gidanmu ne.

A tsirrai irin su karas, tumatir da wake, fektin yakan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na bangon sel mai taushi, a gero da dawa da masara kuwa bai fi kashi 10 cikin 100 ba. Wani Bafaranshe masanin sinadarai, Henri Braconnot, shi ya raɗa masa suna a 1825 daga kalmar Girkanci mai nufin abin da ya daskare. Wanda ya riga shi cin karo da abin, Vauquelin, a 1790, tsamiya yake bincike. Tsamiyar nan dai ta kunun azumi.

Malam ya ce kafin in auna aikin abu, in fara ganinsa da idona. Ɓawon lemo na cikin wuraren da fektin ya fi yawa, daga shi da tuffa masana'antu ke haɗa wanda ake sayarwa. Sai na yi wa kaina dabara, na je wurin wani mai lemo a bakin tasha na roƙe shi ya tara mini ɓawo. Ya ce, "Hajiya, akuya gare ki?" Na ce aikin makaranta ne. Washegari ya cika mini leda biyu, ko sisi bai karɓa ba. Na kai lab ina taƙama. Baba mai kula da lab ɗin ya zura hannu ya ɗago wani dogon zare kore, ya girgiza kai. Masu lemonmu ai fatar waje kawai suke ferewa, siririya, su bar farin nan mai kama da soso a jikin lemon don mai sha ya ji daɗin matsawa. To fektin ɗin a farin ya fi yawa. Abin da nake nema yana can a kwata, a jikin wanda aka tsotse aka yar. Dole na sayi lemo da kuɗina, 'yan gidanmu suka sha ruwan, ni na kwashe farin.

Na yayyanka shi, na tsoma a tafasasshen ruwa na minti biyar, na wanke, na shanya. Iskar hunturu ta busar da shi cikin kwana biyu, na daka a turmi. Daga nan sai bika, wato kofin gilashin da ake dafa sinadarai a lab: gari da ruwa da asid, aka daidaita tsamin har ma'aunin pH, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, ya nuna 2, aka ɗora a zafin digiri 85 na awa ɗaya ina juyawa. Na tace da ƙyalle irin na masu koko, ruwan ya fito rawaya-rawaya yana ɗan yauƙi. Da ya huce na tuttula masa etanol, wato tsantsar barasa ta aikin lab, ninki biyu. Ina cikin tuttulawa sai ga wani farin abu yana haɗuwa a ciki kamar gajimare, yana tasowa sama curi-curi. Baba ya miƙo mini sandar gilashi ya ce, "Ɗago shi, 'yata." Na ɗago, yana rawa a jikin sandar kamar farin ɗanyen ƙwai. Da ya bushe bai cika cokali biyu ba, launinsa kamar garin ɗanwake.

Mafi yawan fektin doguwar sarƙa ce kamar carbi, kowane ɗan carbi wani nau'in sukari ne mai tsami da ake kira asid ɗin galakturonik. Wasu 'ya'yan carbin suna sanye da 'yar hula da ake kira metil, wasu kansu a buɗe. Yawancin labarin tauri da laushi a kan hular nan yake. Ɗan carbin da ba shi da hula yana iya kama kalsiyam, shi kuwa kalsiyam hannu biyu gare shi, sai ya riƙe sarƙa ɗaya da dama, ɗaya da hagu. Idan marasa hula suka jeru da yawa, sarƙoƙi biyu sai su rungume kalsiyam a tsakaninsu kamar ƙwai a cikin kiret, kuma da wannan kamancen masana ke kiran abin tun 1973. Na narka garina a ruwa na ɗiga ruwan kalsiyam kulorayid, babu wani abin kirki da ya faru, domin fektin ɗin lemo mafi yawan 'ya'yansa da hularsu. Sai na zuba wa wani kason ɗan ruwan soda irin ta masu sabulu, a sanyi, na bar shi rabin awa ta tuɓe hulunan, na kashe kaifinta da asid, na sake ɗiga kalsiyam. Kafin in ajiye abin ɗigawar ya kama. Na karkata bikar, ya ƙi zubowa.

Saura awo. Akwai na'urar auna taurin 'ya'yan itace da Magness da Taylor suka fito da ita a Amurka a 1925, wadda asalinta ƙarfe ne mai dakusasshen baki da ake dannawa a jikin ɗan itace a ga ƙarfin da ya ci kafin ya huda. Tamu ta sashen ta daɗe da lalacewa. Na zana abin da nake so a takarda na kai wa wani mai walda wajen Ƙofar Marusa: ƙusa 'yar inci shida da aka goge tsininta ya zama shafaffe, tana zarya a cikin guntun bututu da ke tsaye a kan ƙafa uku, a kanta an liƙa ɗan faranti. Ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Malama, wannan tarkon ɓera ne ko mi?" Da na yi masa bayani sai ya shiga aikin da zuciya ɗaya, shi ma ya ba da shawarar a riƙa ɗiga man keken ɗinki a bututun don kada ƙusar ta riƙa cijewa. A sa yankan karas a ƙarƙashin ƙusa, a ɗora babban gwangwanin madara a faranti, a riƙa zuba tankaɗaɗɗen yashi a hankali har ƙusa ta faɗa ciki, sai a kai gwangwanin kan sikeli. Malam ya zo ya gani, ya danna ƙusar da yatsa sau biyu, ya ce matuƙar hannu ɗaya ne zai riƙa zuba yashin da sauri iri ɗaya, ya yarda.

Kuskuren farko nawa ne ni kaɗai. Na sayi karas ranar Lahadi da yamma na bar shi a buɗe a kan tebur, Litinin na tarar ya yi yaushi, ana lanƙwasa shi kamar roba. Wannan laushin ba ruwan fektin a ciki. Kowane sel cike yake da ruwan da ke tokare bango daga ciki, matsin da yakan fi na iskar tayar mota. Hunturu ya zuƙe ruwan, ɗakunan suka saki, amma bango da kwaɓi suna nan daram, shi ya sa alayyahun da ya yi laƙwas yake farfaɗowa in an jiƙa shi. Dahuwa ma da wannan take farawa: zafi na haura digiri 50 tantanin da ke riƙe ruwan sel yake mutuwa, matsin ya tafi cikin 'yan mintuna. Laushin da ke biyo baya sannu a hankali shi ne na fektin, kuma shi nake nema. Daga ranar na koma sayen karas da sassafe a hannun mutum ɗaya, in huda da bututun yanka daga naman gefe ban da zuciyar tsakiya, kowane yanka kaurinsa santimita ɗaya.

Bika huɗu na jera. Ta farko ruwa zalla da aka tace ta tururi, ta biyu da kalsiyam kulorayid giram ɗaya a ruwa mililita 100, ta uku ruwan tsamiya da aka tsarma har pH ya zo wajen 4, ta huɗu jiƙon kanwa wanda ya kai wajen 10. Kanwar a kicin ɗin Kakata na ɗebo. Sai ruwa ya tafasa ake zuba karas, yanka goma-goma, minti 15 cif, a tsame a tsoma a ruwan sanyi. Na maimaita sau uku a ranaku daban-daban, jerin bai sauya ba. Na kalsiyam ne sarkin taurin kai, gwangwani ya cika sai an ƙara da dutsen sikeli. Na tsamiya na biye da shi, yana garas-garas. Na ruwa zalla ya dahu yadda kowa ya san dafaffen karas. Na kanwa kuwa wani sa'in ko gwangwanin ban gama ajiyewa ba ƙusa ta shige, wasu yankan ma tun wajen tsamewa suka dagargaje a cokali.

Zafi yana tsinka sarƙar fektin, amma a gefen ɗan carbi mai hula yake samun wurin tsinkawa, kuma ruwa na ƙara nisa da tsami tsinkewar na ƙara sauri. Kanwa, wadda mafi yawanta kabonet da bayikabonet na sodiyam ne, ta ƙara da wani aikin: sodiyam yana ture kalsiyam daga mazauninsa, shi kuwa hannu ɗaya gare shi, ba ya iya haɗa sarƙa biyu. Ɗan tsami kuma yana hana tsinkewar, shi ya sa macen da ta san girki ba ta zuba wa wake tumatir ko tsamiya sai ya yi laushi. Na ce ɗan tsami, don in ya yi yawa kamar wanda na dafa ɓawon lemo da shi, shi ma warware fektin yake ta wata hanyar.

Abin da ya fi koya mini karatu kuwa ɓarna ce. Wata Alhamis wuta ta zo ba ƙarfi, irin wadda ƙwan fitila ke yin ja kamar garwashi. Ina sauri in gama kafin la'asar, sai na karya dokata, na zuba karas a bikar ruwa zalla tun ruwan bai tafasa ba, ina cewa yanzun nan zai tafasa. Rishon lantarki ya yi ta fama, ma'aunin zafi ya hau 60 ya tsaya cak. Minti 40 yana nan. Sai da aka tayar da janareta ruwa ya tafasa, na ƙirga minti 15 ɗina na tsame. A lissafina wannan karas ya sha wuta kusan awa ɗaya, kamata ya yi ya zama fate. Na sa a ƙarƙashin ƙusa ina zuba yashi, ina zubawa, ƙusa ta ƙi shiga. Yanka na biyu haka, na uku haka. Ya fi duk na ruwa zalla da na taɓa aunawa tauri, nesa ba kusa ba. Na zargi ƙusar, na ɗiga mata mai. Na zargi kaina da musanya bika. Har na ɗaga biro zan soke shafin, Baba ya ce, "A'a 'yata, ba a soke abin da ya faru. Rubuta yadda aka yi ki kai wa malaminki."

Malam ya saurare ni har ƙarshe, sai ya fashe da dariya, ya ce raunin wuta ya yi mini babi guda kyauta. A bangon sel akwai wani enzayim, wato irin sinadaran nan da ke gaggauta aiki a jikin mai rai, ana taƙaita sunansa da PME. Aikinsa tuɓe hula. Tafasa tana kashe shi, amma tsakanin digiri 50 da 70 yake samun yadda yake so: tantanin sel ya mutu, gishirin da ke ciki ya fito ya zaburar da shi, ya bi sarƙa yana cire huluna ɗaya bayan ɗaya. Kalsiyam ɗin da ke jikin karas ɗin kansa sai ya kama wuraren da aka buɗe. Ga ƙarin ɗauri, ga kuma ƙarancin wurin da zafi zai tsinka tunda hulunan sun ragu. Abin da na yi da soda a bika, shi karas ya yi wa kansa. Masu sarrafa kayan lambu na gwangwani ma da gangan suke yin haka don kada kayansu su narke. Na sake gwajin da niyya sau uku, minti 30 a digiri 60 kafin tafasa, ya fito haka. Da na haɗa masa da kalsiyam kuwa ya zarce kowa.

Ranar madubi na yanka ɗanye siriri da reza, na ɗiga shuɗin tolidin, wanda ke rina fektin ruwan hoda mai duhu. Ɗakuna a jere manne da juna kamar saƙar zuma. Inda na karya ɗanyen da hannu, tsagewar ta ratsa ta tsakiyar ɗakunan ta farfasa su. Wannan fashewar ce ƙarar da kake ji in ka gartsa ɗanyen karas, ruwan da ke cika maka baki kuma daga cikinsu ya fito. Na kanwa ba ya yankuwa, shafa shi na yi a gilashi. Sel ɗin suna nan ɗai-ɗai, kowanne da bangonsa bai fashe ba, sun yi ƙwallo-ƙwallo suna yawo a ruwa, ba mai riƙe da wani. Tubalan bayan Gobarau sak. Shi ne bambancin kankana mai ruwa da wadda ta kwana biyu ta yi gari-gari a baki: ruwan yana nan a cikin ɗakuna, haƙori ne ba ya samun fasa su saboda zamewa suke yi.

A gida Kakata ta sa mini ido tun ranar da na taɓa mata kanwa. "Ke kishiya, mi kike ta dafawa a makarantar nan da ba a kawo mamu mu ci?" Na ba ta labarin Alhamis ɗin nan, ta taɓe baki ta ce in wuta ta mutu a ƙarƙashin dankali, ko an sake hura ta ba ya komawa daidai, wannan kowa ya sani. Sai ta jefo mini wadda ban shirya mata ba: mi ya sa waken bara ke ƙin nuna ko an wuni ana hura wuta? Sai da na koma karatu. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne a cikin ƙwayar wake akwai wani sinadari, fayitet, da ke riƙe da kalsiyam da magniziyam. In wake ya daɗe a ajiye cikin zafi da laima, fayitet ɗin sai ya lalace ya sake su, su tafi su ɗaure fektin. Ruwan rijiyar nan da sabulu ba ya kumfa a ciki shi ma haka yake yi wa wake, don kalsiyam gare shi. Kanwa kuwa kwance ɗaurin take. Da na kawo mata amsar bayan kwana biyu, ta ce madalla, to in mayar mata da kanwarta.

A bakinta na lura da abin da kullum muke faɗa ba ma ji. Wake ya nuna, mangwaro ya nuna. Kalma ɗaya muke ba na tukunya da na bishiya, kuma a ƙarƙashin madubi kusan abu ɗaya ne ke faruwa, sai dai a tukunya zafi ke kwance kwaɓin, a bishiya ɗan itacen ne ke kwance nasa da enzayim ɗinsa. A tumatir PME ke fara tuɓe huluna, wasu enzayim su biyo baya su daddatsa sarƙar da aka buɗe, fitaccensu shi ne PG. Ke nan tuɓe hular da ya taurara karas ɗina shi ke share wa laushi hanya a tumatir, ya danganta da wanda ya riga isa wurin, kalsiyam ko enzayim masu daddatsawa. An daɗe ana zaton PG ne uban tafiyar. Kamfanin Calgene na Kalifoniya ya toshe shi ya fito da tumatir Flavr Savr a 1994, abinci na farko da aka sauya wa ƙwayar gado aka kai kasuwa. PG ya ragu ƙwarai, tumatirin ya fi jimirin ruɓa, amma laushi kusan bai fasa ba, zuwa 1997 ya bar kasuwa. Sai a 2016 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Nottingham ta Ingila suka nuna cewa toshe wani enzayim daban, fektet layes, ya fi riƙe taurin tumatir ba tare da ya taɓa launi ko zaƙi ba.

Bayan na kare kundin na kasa haƙura. Yaya ya kawo mini tumatir UTC daga Ɗanja, na jiƙa rabi a ruwan kalsiyam na bar rabi, na jera su a tire mako guda. Bambancin da ƙusata ta nuna bai fi wanda ke tsakanin tumatir da ɗan'uwansa na kwando ɗaya ba. Fatar tumatir tana da kakin da ke hana ruwa shiga, ba kamar yankakken karas ba, ga kuma maganar Malam ta ranar farko ta tabbata. Abin da na iya gaya wa Yaya bai wuce wanda ya riga ya sani ba, dalilin kawai na ƙara masa. Wanda aka tsinka yana fara ja ya fi wanda ya nuna jur isa Legas. Zafin rana na gaggauta aikin enzayim. Duk wanda tsinken kwando ya soka ko nauyi ya fasa kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cutar ruɓa, waɗanda su ma da narka fektin suke samun abinci, ruwansu ya gangara kan na ƙasa. Na kawo maganar kiret ɗin roba. Ya ce, "Auta, kwando in ya isa Legas an gama da shi. Kiret sai na biya mota ta dawo mani da shi wayam. Sa wannan a ƙusar taki ki auna mani." Na yi shiru.

Ƙusar tana nan a lab, Baba ya sa ta a kabad tare da gwangwaninta. Wata ɗaliba 'yar aji uku ta kira ni makon jiya, ta ce tana son gwada ta a kan mangwaro idan ya shigo da bazara. Na ce ta tankaɗe yashi, ta sayi man keke, ta kuma tsinko mangwaron a bishiya ɗaya, rana ɗaya.